Audugar Cadi da Kotun da Ta Mutu a Janiba

Ranar 11 ga Disamba 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, mai mazauni a Janiba, wadda rediyon Faransanci ke kira OMC, na Turanci kuma WTO, ta daina aiki. Babu wanda ya soke ta. Kujerunta bakwai ne, kuma sai alƙalai uku sun zauna ake sauraren ƙara. Da ma uku suka rage, wa'adin biyu ya cika, Amurka ta ƙi yarda a naɗa wasu. Shi ke nan. A Garwa da Mundu lokacin ana tsakiyar cirar auduga, hankalin kowa yana kan ranar da za a buɗe awo, kuma ba na jin akwai rumfar kasuwar da aka tayar da zancen.

Amma in akwai wanda ya kamata labarin ya dama, to mai cin abinci daga auduga ne a arewacin Kamaru da kudancin Cadi. Babbar shari'ar da aka taɓa yi kan auduga a duniya, a wannan kotu aka yanke ta, kuma sunan Cadi yana cikin takardun. Wannan nazari zai bi lamarin tun daga 2002, a ga abin da tsarin ya iya yi wa ƙaramar ƙasa sa'ad da yake da lafiya, da abin da ya saura yanzu da yake kwance.

Su wa ke ci daga auduga

Faransawa ne suka tilasta noman auduga a kudancin Cadi a ƙarshen shekarun 1920, daga baya aka kafa Cotontchad a 1971, da mazauni a Mundu. A Kamaru wani kamfanin Faransa ya fara aikin a yankin Kaele a farkon shekarun 1950, sai Sodecoton ta gaje shi a 1974, hedkwatarta a Garwa, gwamnati ce ke da mafi yawan jarin. Tsarin kusan iri ɗaya ne a ƙasashen biyu. Kamfani ya ba da iri da takin zamani da maganin feshi bashi, ya sanar da farashin kilo, manomi ya shuka da saukar damina, a fara cira wajen Nuwamba. Ranar awo a ɗora a sikeli, a cire bashi, a ba shi saura. Ƙungiyar manoman ƙauye ce ke lamunin juna, in ɗaya ya gaza sauran su biya masa. A arewacin Kamaru da kar ake lissafin gona, wato rubu'in hekta, kuma mafi yawan gidaje kar kaɗan suke nomawa, ba hektoci ba.

Gaskiya akasarin manoman ba Hausawa ba ne. Tupuri ne da Mundang da Gizga da Mafa a ɓangaren Kamaru, Ngambay da sauran Sara a ɓangaren Cadi. Namu mutanen sun fi yawa a ɗaya gefen sikelin. Akwai direban tirela da ke kai dila Ngaundare a loda wa jirgin ƙasa zuwa Duwala. Akwai mai shagon atamfa da mai kwanon rufi da mai sayar da babur, waɗanda cinikinsu na rani yake rataye da ranar biyan kuɗin auduga. Mai turkar shanu yana sayen ƙulin gurya, mai tuyar ƙosai tana sayen man Diamaor, wanda daga guryar ake matso shi. In kuɗin auduga ya makara, mai kanti a Gidar ko Pala yana ji kafin a faɗa a rediyo. Har masarar da ake ci ma da ita a ciki, domin ta hanyar bashin auduga manoma da yawa ke samun taki.

Kusan duk audugar da aka gurza ƙetare take tafiya, yawanci Asiya, musamman Bangaladash. Farashinta kuma ba a Garwa ake yanke shi ba. Yana bin kasuwar Niyok ne, santi nawa a kan laba ɗaya, sannan a juya dala zuwa sefa, wadda ke ɗaure da yuro a kan 655.957. Abin da ya saura bayan an cire kuɗin gurza da sufuri da tashar jirgin ruwa, shi ke zama farashin da manomi zai ji, wanda ya yi shekaru da dama bai kai sefa 300 a kilo ba.

Tallafi a can, asara a nan

A kakar 2001 zuwa 2002 farashin duniya ya sauka zuwa wajen santi 42 a laba, abin da aka yi kusan shekara 30 ba a gani ba. Bisa al'adar kasuwa, in farashi ya karye, wanda nomansa ya fi tsada shi ke fara rage shuka, kaya su ragu, farashi ya ɗago. Manomin Afirka da fartanya da garmar shanu yana cikin masu noma mafi araha a duniya, na Amurka kuma yana cikin mafi tsada. Amma na Amurka bai rage ba, ƙara fitarwa ma ya yi, har rabon ƙasarsa ya doshi kashi 40 na duk audugar da ake fitarwa a duniya.

Dalili shi ne baitulmali ke ɗauke masa asarar. Gwamnati ta ajiye masa farashin da ba zai faɗi ƙasa da shi ba, in kasuwa ta sauka ta cike giɓin. Tana biyan masaƙu da masu fitar da kaya wani abu in sun sayi audugar gida maimakon ta waje. Tana kuma tsaya wa masu saye daga ƙetare lamunin bashi. Ƙungiyar Oxfam ta lissafa a 2002 cewa manoma wajen 25,000 sun karɓi dala biliyan 3.9 a shekara guda, kuɗin da ya fi duk abin da tattalin arzikin Burkina Faso ke samarwa a shekara. Dokar noma da Amurka ta yi a 2002 kuma ba ta rage ba, ƙarfafawa ta yi.

Tsarin ciniki na duniya ya tanadi hanya biyu ga wanda aka yi wa irin wannan. Ko dai ka je teburin shawara ka nemi a sake doka, ko ka je kotu ka ce an taka wadda ake da ita. A kan auduga an gwada duka biyun, kusan lokaci guda.

Hanyar teburi

Ƙungiyar ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1995, ta gaji GATT, yarjejeniyar kuɗin fito da ciniki ta 1947. Kamaru ta shiga a 1995, Cadi a 1996. Yau mambobi 166 ne, kuma ba a ƙuri'a, sai kowa ya yarda ake zartar da abu. A takarda, bakin Cadi daidai yake da na Amurka.

A 2003 ƙasashe huɗu, Benin da Burkina Faso da Mali da Cadi, suka gwada ko takardar gaskiya take faɗa. Suka shigar da buƙata cikin tattaunawar Doha da aka buɗe a 2001: a janye tallafin auduga a hankali, a kuma biya su diyyar asara kafin a gama janyewa. Shugaba Blaise Compaoré ya je Janiba da kansa a watan Yuni ya gabatar da ita. Da aka hallara a Kankun ta Meziko a watan Satumba, amsar da aka sa a daftarin taron ita ce, a taƙaice, a taimaka wa ƙasashen su koma noman wani abu dabam. Wakilan Afirka suka fusata. Ba auduga kaɗai ta watsa taron Kankun ba, akwai rigima kan dokokin zuba jari da sauransu, amma ita ce ta zama tutar ɓacin ran, kuma tun daga ranar ba a sake yin taron ministoci an tsallake zancenta ba. Kamaru ba ta cikin huɗun, duk da cewa ta fi Cadi noman auduga, amma duk abin da suka samo zai shafe ta.

A Hong Kong cikin Disamba 2005 aka rubuta alkawari: za a magance batun auduga da himma, da gaggawa, kuma a keɓe. Ƙasashe masu arziki za su daina tallafin fitar da ita zuwa 2006, za su kuma buɗe wa audugar matalautan ƙasashe ƙofa ba tare da kuɗin fito ba. A Nairobi a 2015 aka sake jaddadawa, aka haramta tallafin fitar da amfanin gona gaba ɗaya.

Jin haka sai mutum ya ce an yi nasara. To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Tallafin fitarwa ɗan ƙaramin yanki ne na kuɗin. Buɗe ƙofa kuma ba ta tsinana wani abu ba, tunda Amurka ba mai sayen auduga ba ce, mai sayarwa ce, masaƙun Turai kuma sun riga sun koma Asiya. Babban kuɗin shi ne tallafin cikin gida, wanda ake zuba wa manomi a gonarsa, kuma a kansa ba a taɓa yanke adadi ko ranar ragewa ba. An jingina shi da kammala tattaunawar noma ta Doha. Doha ta cije a 2008, ba ta sake tashi ba. Abin da ƙasashen huɗu suka samu a hannu shi ne zama sau biyu a shekara a Janiba, da ayyukan agaji, da Ranar Auduga ta Duniya kowace 7 ga Oktoba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 2021, da wata yarjejeniya da FIFA a 2022 kan ɗinka rigunan ƙwallo da audugar Afirka. Ban raina su ba, amma babu ɗayansu da ke ƙara ko sefa ɗaya a kan kilo.

Hanyar kotu

Barazil ce ta bi ta biyun. A Satumba 2002 ta kai ƙarar Amurka, ta ce tallafin yana danne farashin duniya, yana cutar da manomanta. Benin da Cadi suka shiga a matsayin masu ruwa da tsaki, ba masu ƙara ba. Suka ba da bayani kan abin da faɗuwar farashi ke yi wa gidajen manoma. Kwamitin shari'a na farko ya ba Barazil gaskiya a 2004, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Maris 2005. Ƙasa mafi ƙarfi a duniya ta faɗi a shari'a kan manomanta, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 2006 ta soke shirin biyan masaƙu da masu fitarwa. Sauran ta bar su kusan yadda suke.

Nan ne ake ganin yadda tsarin yake aiki da gaske. Ƙungiyar ba ta da jandarma, ba ta da kurkuku, ba ta cin tara. In ka ci shari'a aka ƙi bin hukunci, abin da za ta ba ka shi ne izinin ramuwa: ka ƙara kuɗin fito kan kayan wanda ya cuce ka daidai da asararka. A 2009 aka ba Barazil wannan izini, na sama da dala miliyan 800 a shekara, har da damar dakatar da kare haƙƙin mallakar kamfanonin Amurka, irin na magunguna da finafinai. Wannan na ƙarshe shi ya tayar da hankali a Washinton, domin kamfanonin magani sun fi manoman auduga kusa da kunnen majalisa.

Me aka yi? A 2010 Amurka ta amince ta riƙa biyan wata cibiyar auduga ta Barazil dala miliyan 147.3 kowace shekara, ita kuma Barazil ta jingine ramuwa. A Oktoba 2014 aka rufe maganar da dala miliyan 300 a dunƙule. Wato maimakon a daina tallafa wa manomin Teksas, sai aka haɗa da na Barazil. Cadi, wadda aka kafa hujja da talaucin manomanta, ba ta da haƙƙin ko sisi, domin mai ruwa da tsaki ba ya ramuwa, ba a sulhu da shi. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. An dai bar ƙofar a yi amfani da wani ɓangare na kuɗin wajen taimakon fasaha a Afirka, kuma Barazil ta gudanar da aikin binciken iri da ƙasashen huɗu. Iyakarta ke nan.

A tambaya, me ya hana Cadi shigar da tata ƙarar? Shari'ar Janiba tana cin shekaru da lauyoyi masu tsada da masana lissafin tattalin arziki. Ko an samu mai ɗaukar nauyi, sai a zo kan ramuwa. In Injamena ta ƙara kuɗin duwan kan kayan Amurka, wa zai ji a Amurka? Ɗan Cadi ne zai sayi kayan da tsada. Tsibirin Antigua da Barbuda ya gwada, ya kayar da Amurka a shari'ar cacar intanet, aka ba shi izinin ramuwar dala miliyan 21 a shekara, har yau bai ga abin kirki ba. A duk tarihin ƙungiyar, cikin ƙasashen da ake lissafawa mafi talauci, Bangaladash ce kaɗai ta taɓa shigar da ƙara, kan Indiya a 2004.

Duk da haka hukuncin ya yi wani tasiri. Dokar noma ta Amurka ta 2014 ta cire auduga daga manyan shirye-shiryen tallafi, ta mayar da ita wani tsarin inshora. Hakan bai daɗe ba. A 2018 majalisa ta dawo da ita ta wata ƙofa, a ƙarƙashin sunan auduga mai gurya, kuma a 2018 da 2019 aka raba wa manoma biliyoyin daloli diyyar faɗan ciniki da Sin, masu auduga na ciki. Wannan ya zo daidai da lokacin da kotun ke shiɗewa.

Yadda kotun ta mutu

Ba Trump ya fara ba. Gwamnatin Obama ce a 2016 ta hana a sabunta wa'adin wani alƙali ɗan Koriya ta Kudu. Daga 2017 aka toshe kowane naɗi, gwamnatin Biden ta zo ta ci gaba a kan haka. Ƙorafin Amurka ba duka ne shirme ba. Ta ce alƙalan suna wuce kwana 90 da doka ta ba su, suna ƙirƙiro wajibai da babu wanda ya sa hannu a kai, suna mayar da tsoffin hukunce-hukuncensu tamkar doka. Babban abin da ke ƙasa kuwa shi ne Sin, wadda ta shiga ƙungiyar a Disamba 2001. Amurka na ganin dokokin ba su iya kama tattalin arzikin da gwamnati ke riƙe da manyan kamfanoni da bankuna, kotun kuma tana ɗaure mata hannu in ta so kare kanta. Ana iya jayayya a kan waɗannan. Abin da ba a jayayya a kai shi ne maganin da ta zaɓa ya kashe majinyacin.

Yanzu ga yadda abin yake. Kwamitin farko yana nan, yana sauraren ƙara, yana yanke hukunci. Amma wanda aka kayar yana da haƙƙin ɗaukaka ƙara, kuma hukunci ba ya aiki sai an saurare ta. Tunda babu mai saurare, sai ka ɗaukaka kawai, maganar ta rataye har abada. Amurka ta yi haka bayan an kayar da ita kan harajin ƙarfe a Disamba 2022. Indunusiya ta yi haka kan hana fitar da ma'adinin nikel. Wadda ta fi kusa da maganarmu ita ce ta sukari: Barazil da Ostireliya da Gwatamala suka kai ƙarar Indiya kan tallafin rake, aka ba su gaskiya a Disamba 2021, Indiya ta ɗaukaka, aka shiru. Ƙara ce irin ta auduga sak. Da yau Barazil ta shigar da tata ta auduga, da ba ta ga ko dala ɗaya ba.

Tarayyar Turai da wasu ƙasashe sun kafa wata hanyar wucin gadi a 2020, inda suka yarda a tsakaninsu su kai ɗaukaka ƙara gaban masu sulhu. Sin da Barazil suna ciki, Benin ma ta shiga. Amurka da Indiya ba sa ciki. A taron ministoci na Yuni 2022 an yi alkawarin gyara kotun zuwa 2024. Shekarar ta zo ta wuce.

Kuma taswirar tallafin kanta ta sauya. Yau Sin ce kan gaba wajen zuba wa auduga kuɗi, ta hanyar farashin da take lamunce wa manoman Sinjiyang, Indiya kuma tana da nata farashin gwamnati. Dukansu biyu sun daɗe suna tsayawa a layin ƙasashe masu tasowa, layin da Cadi take. Amurka tana cewa ba za ta rage ba sai sun rage, su kuma suna cewa ita ta fara. Barazil, wadda ta tsaya a kotu, ta zarce Amurka a kakar 2023 zuwa 2024 ta zama ta ɗaya wajen fitar da auduga a duniya. Abokiyar shari'ar jiya ita ce babbar kishiyar kasuwa a yau.

Inda abin ya iso ƙofar gida

Ginshiƙin tsarin tun 1947 shi ne rashin wariya: kuɗin fiton da ka sa wa mamba ɗaya shi za ka sa wa kowa. Ranar 2 ga Afrilu 2025 Amurka ta ajiye wannan gefe, ta yanka wa kowace ƙasa nata haraji. Ƙaramar Lesoto aka ce kashi 50, Bangaladash 37. Mai karatu a Marwa zai ce, mu da ba mu sayar wa Amurka riga ba, ina ruwanmu? Kamaru ma an riga an cire ta daga AGOA, rangwamen kuɗin fito da Amurka ke yi wa kayan Afirka, tun Janairu 2020, da shawarar Washinton ita kaɗai, babu inda za a kai kuka.

Ruwanmu yana Daka, babban birnin Bangaladash. Bangaladash tana sayen auduga, ta ɗinka tufafi, ta sayar wa Amurka da Turai. Da harajin ya sauka, shugaban gwamnatin riƙon ƙwaryar ƙasar na lokacin, Muhammad Yunus, ya rubuta wa Trump yana neman a jinkirta, yana alkawarin ƙara sayen kayan gonar Amurka, auduga a sahun gaba. Daga baya aka sauke harajin zuwa kashi 20. Masaƙa ɗaya ba ta sayen dila biyu a gurbin ɗaya. Duk dilar da aka saya daga Teksas don a faranta wa Washinton, wata ce ba a saya daga Garwa ko Kotonu ba, ba don tamu ta fi tsada ko ta kasa kyau ba. An ga irin wannan a yarjejeniyar Amurka da Sin ta Janairu 2020, wadda ta ƙunshi alkawarin ƙarin sayayya ta dala biliyan 200. Cinikin da ake ƙullawa tsakanin gwamnati da gwamnati, kowa da abin da zai iya bayarwa ko ya hana, shi ke maye gurbin doka ɗaya ga kowa. Cadi ba ta da abin hanawa.

A ganina wannan ya fi tsohon tallafin muni. Tallafi yana rage farashi, amma kasuwa a buɗe take, mai araha da kyau yana samun mai saye. Audugarmu da hannu ake cira, shi ya sa take da tsabta, masaƙu suna son ta. Sabon salon kuwa mai sayen yake ɗaukewa.

Abin da ba laifin Janiba ba

Zai zama rashin adalci a ɗora komai a kan baƙi. A kakar 2017 zuwa 2018 audugar Cadi ta faɗo ƙasa da tan 20,000. Ba Amurka ta yi wannan ba. Manoma ne suka gaji da bin kuɗinsu, suka koma gyaɗa da riɗi. Tun da man Doba ya fara bin bututu zuwa Kiribi a 2003 hankalin hukuma ya bar gona. A 2018 aka sayar wa kamfanin Olam kashi 60 na Cotontchad, noman ya sake haura tan 100,000 cikin 'yan shekaru, ba tare da an sauya ko harafi ɗaya a dokokin Janiba ba. A Kamaru kuma, da farashin duniya ya haura dala 2 a laba a farkon 2011, manoma ba su ga tashin ba tunda an riga an yanke nasu, sai auduga ta riƙa tsallakawa Najeriya da dare. Ga hanyar Garwa zuwa Ngaundare, ga shingayen da direba ke tsayawa kafin ya kai, ga wutar da ke ɗaukewa injin gurza yana tsakiyar aiki. Masaƙar Cicam, mai ma'aikata a Garwa da Duwala, ta daɗe tana numfashi sama-sama, kasuwa kuma cike da gwanjo da atamfar Sin. Sodecoton tana samun sama da tan 300,000 a shekarun nan, abin da ake saƙawa a gida bai taka kara ya karya ba.

Hatta haɗin kan yanki da ake kira ga shi yana da ɓaraka. Kamaru ta sa hannu ita kaɗai kan yarjejeniyar ciniki da Tarayyar Turai a 2009, ta fara sauke kuɗin fito a Agusta 2016, sauran ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, ba su bi ba, alhali kayan Cadi ta Duwala suke shigowa. Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu a Agusta 2019, 'yan makonni bayan ta sa hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka. Masu ƙarfi a cikinmu ma sun iya ajiye doka gefe in ta matse su.

Yawunde

Taron ministoci na Abu Dabi na 2024 ya tashi babu matsaya kan noma, Kamaru kuma aka ba baƙuncin na gaba, na 14, a Yawunde cikin Maris 2026. Karo na biyu ke nan a Afirka, bayan Nairobi. Shugabar ƙungiyar, Ngozi Okonjo-Iweala, 'yar Najeriya ce, tana kan kujerar tun Maris 2021. Takan tunatar cewa har yanzu sama da kashi 70 na cinikin kayayyaki a duniya yana tafiya bisa ƙa'idar rashin wariya. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ban yarda da masu cewa a bar ƙungiyar ta mutu tunda ba ta taɓa yi mana komai ba. A can ne ƙananan ƙasashe irin Cadi suka taɓa sa hannu wajen tsayar da taron manya.

Sai dai ƙarfin Kankun daga buƙatar manya ya fito. A 2003 Amurka da Turai suna son abubuwa daga teburin, shi ya sa "ban yarda ba" ta ƙaramar ƙasa take da tsada. Yanzu mafi yawan abin da suke so suna samunsa a waje, ƙasa bayan ƙasa. Gabanin taron Yawunde abubuwa kaɗan suka rage da sai da yardar kowa, kuma mafi girmansu shi ne alkawarin kada a sa kuɗin fito kan kayan da ke wucewa ta intanet, irin su manhaja da fim da waƙa. Daga 1998 aka riƙa sabunta shi taro bayan taro, kamfanonin Amurka suna matuƙar sonsa, kuma a Abu Dabi an rubuta cewa zai ƙare da taron Yawunde ko ranar 31 ga Maris 2026, duk wanda ya riga zuwa. Indiya da Afirka ta Kudu sun sha riƙe shi don neman nasu biyan buƙata. Ƙasashen auduga ma suna da wannan haƙƙi daidai da kowa, kuma buƙatarsu ba sabuwa ba ce: adadi da rana kan tallafin cikin gida, kamar yadda aka yi musu alkawari a Hong Kong a 2005.